Tambayi Bakanike: Kafin Ka Yi wa Land Rover ɗin Mahaifinka Fenti, Shiga Ƙarƙashinta

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙu huɗu na ware a wannan karon, duk a kan tsofaffin motoci masu okzilari, wato masu ja da ƙafa huɗu. Ta farkon za ta ci mana fili, domin mutane da yawa sun same ni da irin tambayarsa a garejina a nan Agege, kuma ba abin da za a amsa a tsaitsaye ba ne.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Ni ɗan kasuwar albasa ne a Mile 12, mutumin Aliero. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar wata Land Rover a-kori-kura, doguwar nan da ake ce wa 109, mai shan fetur. Ta fi shekara 10 tana ajiye a gindin darbejiya a gidanmu. A rabon gado ni ta faɗo wa, sai na ɗoro ta a bayan tirela na kawo ta Ikko. Jikinta lafiya lau, ko ɗigon tsatsa babu. Niyyata in yi mata sabon fenti, in cire injinta in sa na dizal irin na Land Rover Discovery, in sa manyan tayoyi da na'urar sanyi, in riƙa zuwa gonata da ke wajen Epe, da Sallah kuma in tafi gida da ita. Ta ina zan fara?

AMSA: Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ka ci moriyar abin da ya bari. Na ji daɗi ƙwarai da ba ka kira 'yan gwangwan sun auna ta a sikeli ba, don da idona na ga irin waɗannan motoci da yawa sun ƙare a Owode Onirin ana daddatsa su da wuta.

Amma magana ɗaya a wasiƙarka ta tsaya mini a rai, inda ka ce ko ɗigon tsatsa babu. Ai ba za ka taɓa ganin jar tsatsa a jikinta ba. Tun Land Rover ta farko da aka fitar a 1948, da alminiyon ake yi musu bodi, saboda ƙarfe ya yi wuya a Ingila bayan yaƙin duniya na biyu. Abin da yake na ƙarfe a jikinta shi ne cesis, da bangon nan da ya raba injin da mazaunin direba, da firam ɗin ƙofofi da ke ɓoye a ƙarƙashin fatar alminiyon. Can ciwon yake zama, kuma ido ba ya kaiwa can sai mutum ya kwanta.

Saboda haka aikinka na farko ba ya buƙatar kuɗi. Kai ta wurin wankin mota mai ramin shiga, a wanke mata ƙasa da ruwa mai ƙarfi, a zura tiyo cikin ramukan cesis har sai ruwan ya daina fitowa da laka. Cesis ɗin kamar dogon akwati yake, cikinsa rami ne, kuma za ka sha mamakin abin da zai fito: jar ƙasa, busasshen ganyen darbejiya, sheƙar ɓeraye. Idan ta bushe, ka ɗauki ƙaramar guduma da tocila ka shiga. Fara daga can baya, ƙarfen da ya gitta inda ake ɗaura abin ja. Buga. Lafiyayyen ƙarfe zai amsa maka da tsawa, tan-tan, gudumar ta yi tsalle ta dawo hannunka. Ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji fuk, kamar ka bugi tsohuwar ƙwarya, ɓawon tsatsa ya zubo maka a fuska. Bi hannuwan nan da suka fito daga gefen cesis suka tallafi bodi, ɗaya bayan ɗaya. Bi duk inda sifirin ya rataya, gaba da baya. Ka fito ka ɗage tabarmar ƙafar direba da ta fasinja ka danna ƙasan da sukurdireba. Duk inda ka ga farin gari kamar toka a inda alminiyon ya haɗu da ƙarfe, wannan ita ce tsatsar alminiyon, su biyun ne suke cin juna idan danshi ya shiga tsakaninsu. Kada ka ji tausayin bugu. Ramin da guduma ta ɓula a gareji ya fi wanda kaya za su ɓula a kan gadar Third Mainland.

Zan yi tsammanin za ka samu cesis ɗinka da sauran ƙarfi, kuma busasshiyar iskar Kabi ce ta yi maka wannan gata. To ka sani ka raba ta da wannan gatan ranar da ka sauke ta a Legas. Nan damina doguwa ce, iskar teku da gishiri take tafe, ruwa kuma kwana yake yi a kan titi. Motar da ta yi shekara 40 a Arewa ba ta ruɓe ba, damina uku ta ishe ta a nan idan an bar laka a cikinta. Akwai wani bawan Allah da ya taɓa kawo mini irin taka, ya riga ya kashe kuɗi an fesa mata kore mai ƙyalli, an ɗinka kujeru. Na ce mu duba ƙasa, ya ce sauri yake yi. Bai rufa wata biyu ba aka jawo ta, maratayin sifirin na baya ya ɓalle daga cesis da kwandunan tumatir a kanta. Allah ya tsare ba a yi asarar rai ba. Sai da muka ɗage bodin nan gaba ɗaya, sabon fentin duk ya kwarzane.

Idan an zo walda, a yanke ruɓaɓɓen wurin a fitar da shi, a sa sabon ƙarfe mai kauri daidai da na asali. Kada ka yarda a lafta faci a kan tsatsa, gyaran gangar Auzinawa ke nan. Sannan ka tsaya a kan mai waldar da kanka lokacin da zai taɓa gaba ta hannun dama, domin a nan aka buga lambar cesis, a jikin ƙarfen da sifirin na gaba yake rataye. Na san wanda mai walda ya yanke masa wurin ya jefar, daga baya ya rasa yadda zai nuna cewa motar ita ce ta jikin takarda. Ɗauki hoton lambar tun yau, ka gwada ta da takardun mahaifinka. Bayan walda a kankare, a shafa jan fentin hana tsatsa, a bi da baƙi, a fesa mai a cikin ramin.

Dubi agogunanta. Idan suna gaban direba a cikin baƙar roba, ba a tsakiya ba, to Series III ce, wadda aka yi daga 1971 zuwa 1985. Su ne suka cika ƙasar nan a hannun 'yan sanda da soja da ma'aikatun gona, har an yi zamanin da ake haɗa su a masana'antar Leyland da ke Ibadan. Wannan ya sa har gobe ba a rasa kayansu.

Bayan cesis sai birki. Ƙafafunta huɗu duk birkin ganga ne, mai faɗin inci 11 a 109. Motar da ta shekara 10 a tsaye, ka ɗauka duk robar da ke cikin birkinta ta mutu. Canja masta, da silindojin ƙafa, da tiyo-tiyon roba, da duk bututun da ya yi tsatsa. Birkin gaba na 109 silinda biyu ne a kowace ƙafa, yana da wuyar fitar da iska, sai an yi haƙuri an maimaita. Idan babu tukunyar nan mai taimaka wa ƙafa wajen taka birki, ka nemo ka sa. A cunkoson Ojota da Ketu, inda danfo zai yanko gabanka ba sallama, wannan ya fi maka kowane irin inji amfani. Daga nan ka sa yaro ya riƙa kaɗa sitiyari kai kana kallon ƙasa, ka ga inda wasan yake: tayarod ne, ko akwatin sitiyari, ko sandar nan da ke tsaye cikin ƙarfen gaba, wadda kusan kowa yake mantawa ya zuba mata mai. Waya kuwa, fis huɗu kacal aka yi wa motar nan, kuma ɓeraye sun yi shekara 10 suna kwana a cikinta. Ka sa rewaya ya zare tsohuwar gaba ɗaya ya ja sabuwa, ya ƙara fis. Tankin fetur yana ƙarƙashin kujerar gaba ne, ba wurin da za a yi sakaci da tartsatsi ba.

Yanzu ga maganar inji, kuma a nan zan saɓa maka. Injin da ke cikinta, mai lita 2.25, ƙarfinsa bai kai doki 80 ba, yana kuma shan mai, ban musa ba. Amma kada ka yanke masa hukunci kafin ka ji ta bakinsa. Cire fulogi, zuba ɗan baƙin mai a kowane rami, bar shi ya kwana biyu, sannan ka juya shi da hannu. Idan ya juya, a wanke tanki da kafireto, a canja mai da tacewa, a daidaita tafet a kan 0.010 na inci, a tayar. Sau da yawa na ga irinsa ya yi tari sau biyu ya kama, yana bugawa a natse kamar keken ɗinki. Da tsohuwar zuma ake magani. Kowane bakanike daga nan har Jega zai iya gyara shi da sifana da filaya a bakin hanya.

Injin da kake sha'awa, 200Tdi, wanda ya fito da Discovery a 1989, inji ne na kirki, lita 2.5, doki sama da 100, ga tsimin mai. Ana sa shi a Series III, ni ma na sa. Sai dai ba ɗauke wannan ajiye wancan ba ne. Za a taɓa mazaunin inji, da salansa, da lagireto, da bututun iska. Giyarka kuma ba don wannan ƙarfin aka yi ta ba, mai ƙafa mai nauyi zai kashe ta cikin ɗan lokaci. Sa'arka ɗaya, aksul ɗin baya na 109 irin Salisbury ne, yana da juriya. Sannan duk 200Tdi da za ka samu a kasuwar kayan mota ta Ladipo yau ya haura shekara 30 a duniya, tokumbo ne da ba ka san wahalar da ya sha ba. Ga dizal ma ba araha yake ba. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kowa lissafin mai yake yi, na sani, amma ka lissafa har da kuɗin aikin, ka ga shekara nawa za ka yi kafin tsimin man ya biya ka. Shawarata ka hau ta shekara guda da injinta. Idan kukan inji a kan babbar hanya ya dame ka, nemi ƙarin giyar nan ta Fairey da ake ɗaurawa a bayan akwatin okzilari, tana sauke kukan, tana rage shan mai.

Taya kuwa, 7.50 mai rim 16 aka yi ta da shi, kuma 235/85 R16 ya yi kusa da shi ƙwarai. Ka tsaya nan. Faffaɗan taya a motar da sitiyarinta ƙarfin damtse ne wahala ce, yana cin boris, yana kuma rage wa birki kaifi. Idan tsalle ne ya dame ka, canja sifirin da shokozoba. Na'urar sanyi ka bar ta can ƙarshe tare da fenti. Kafin nan akwai 'yan tagogi biyu a ƙarƙashin gilashin gaba, buɗe su, ka kuma shimfiɗa abin tare zafi a ƙasan ƙafa.

In za ka Ladipo, tafi da tsohon kayan a hannunka, ka aza shi kusa da sabon ka gani. Kusoshin motar nan da yawa awon inci ne irin na Ingila, sifanun milimita suna cinye musu kai. Kayan birki da robobin tare mai kuwa kada ka nemi mai sauƙi, araha ba ta ado. Tafiya gida da Sallah kuma, ba a fafe gora ranar tafiya. Sai ta je Epe ta dawo sau da yawa ba ta yi zafi ba, ba ta zubar da komai ba, sannan ka fuskanci Jebba da Mokwa da Kontagora, kana tafiya wajen kilomita 80 a awa, da fanbel da tiyon lagireto da jarkar ruwa a baya.

TAMBAYA: Malam, ina da Land Cruiser a-kori-kura FJ45 da nake ɗaukar raguna da ita daga Alaba Rago. Shan manta ya ishe ni. An ce in sa mata injin dizal na Toyota, 1HZ. Kuma ƙasan ƙofofinta da bayanta sun fara ɓulewa, mai gyaran bodi ya ce zai cike da fila. Me ka gani? Daga wani mai karatu a Ojo.

AMSA: Alhaji, taka ta bambanta da ta ɗan'uwanmu na sama, domin jikin Toyota duk ƙarfe ne, ciwonta a fili yake. Ga shi kuma fitsarin dabbobi yana cin ƙarfe fiye da ruwan sama. Kada ka yarda da fila a kan rami. Fila danshi take sha ta baya, bayan damina ɗaya za ta kumbura ta faɗo da fentin, ramin ya ninka. A yanke a sa ƙarfe, sannan a shafa fila sama-sama don gyara fuska kawai. Bayan an gama ka shimfiɗa katako ko roba mai kauri a bayan, kana wankewa duk ranar da ka sauke kaya.

Irin motarka an yi su daga 1960 zuwa 1984, kuma idan ta bayan 1975 ce, injinta 2F ne, silinda 6, lita 4.2. A kanka kam ba zan hana canjin inji ba, saboda kullum kana kan hanya da kaya, lissafinka zai fita. 1HZ ya fito a 1990, shi ma lita 4.2, kuma yana cikin injinan da na fi yarda da su a duk aikina. Sharaɗi na shi ne ka sayo shi da giyarsa da akwatin okzilarinsa tare, daga mota ɗaya, a gyara tsawon furofela. Haɗa inji daga nan giya daga can shi ne yake sa mota ta shekara a gareji. Ka tambaya ko na batir ɗaya ne ko na biyu, don akwai masu wutar lantarki bolt 24. Kafin ya shiga mota a canja masa bel ɗin tayimin. Tun da an buɗe aiki, birkin faifai na gaba da sitiyari mai mai na Land Cruiser 60 suna zama a taka, masu yi sun saba. Kada ka manta ka je a gyara lambar inji a takardunka, don masu duba motoci na Legas suna gwadawa.

TAMBAYA: Baba, maigidana ya rasu bara, ya bar tsohuwar Land Rover 110 a ƙofar gida a Idi-Araba. Mutum uku sun zo taya ta, ɗaya har ya ce ƙarfe ne kawai zai saya don ya taimaka mana. Ina da marayu biyar. In sayar?

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari. Kada ki sayar a kan kuɗin ƙarfe. Mutum uku ba sa sallama a kan abin banza. An fara yin 110 a 1983, aka raɗa mata suna Defender a 1990, aka daina yin tsohon samfurin a Janairun 2016, kuma tun daga nan darajarsu take hawa a ƙasashen waje. Amurka tana barin a shigar da motar da ta kai shekara 25, shi ya sa dillalai suke bi unguwa-unguwa suna neman mai sitiyari a hagu irin namu, wadda cesis ɗinta da injinta na asali ne. Saboda haka kada a canja mata komai, kada a yi mata fenti. Ki adana takardunta a ɗaki, kada ki ba kowa na asali ya tafi da su da sunan zai duba. Ki sa wani babba daga dangin marigayin ya kawo bakanike biyu da ba su san juna ba, kowa ya yi mata kuɗi. Tun da dukiyar marayu ce, a sa malamin da zai raba gadon a cikin maganar, a yi ciniki gaban shaidu, a rubuta. Kafin nan a matsar da ita daga bakin kwata, a ɗora ta a inda ruwa ba ya kwanciya.

TAMBAYA: Oga, ni direban wata tsohuwar Land Rover ce a Ajah. Da damina nakan danna sandar nan mai rawayan kai tun daga gida saboda ruwa. Yanzu tana ƙara idan na sha kwana, man aksul kuma ya koma fari. Mene ne?

AMSA: Yarona, matsala biyu ka haɗa. Mai rawayan kai tana ƙulle ƙafafun gaba da na baya ne su juya tare, kuma Series ba ta da abin da zai raba musu gudu a tsakiya. A laka ko yashi taya yana ɗan sulɓewa ya huce. A kan kwalta babu sulɓi, sai ƙarfen ya yi ta murɗewa har wani abu ya karye. Ruwa a kan kwalta ba laka ba ne, ƙafa biyu sun ishe ka. Don ka sake ta, tsaya cak, ja sanda mai jan kai baya, ka mayar da ita gaba, za ka ga rawayar ta yi tsalle ta taso.

Farin mai kuwa ruwa ne ya shiga. Aksul yana da zafi ka tsunduma shi a ruwan sanyi, iskar ciki ta tsuke, ya zuƙo ruwa ta robar tare mai, musamman idan 'yar hudar numfashinsa ta sama ta toshe. Yau ɗin nan ka juye man aksul biyu, da na giya, da na akwatin okzilari, da na ƙwallayen nan biyu masu ƙyalli da ke bayan tayoyin gaba, ka zuba sabon man giya EP90. A buɗe hudar numfashin a sa mata siririn tiyo a ja shi sama har cikin ɗakin inji. Akwai kuma wata kusa da ake toshe ƙasan gidan kuloci da ita kafin shiga ruwa mai zurfi, a cire ta bayan an fito. Duk lokacin da ka fito daga ruwa, ka yi tafiya kaɗan da ƙafarka a kan birki sama-sama har gangunan su bushe, ka gwada shi sau biyu kafin ka hau babban titin Lekki. Idan ƙarar kwanar ba ta daina ba bayan ka saki rawayar, a buɗe ƙafar gaba a duba joyin ɗin da ke cikin ƙwallon.